Giwan Ruwa a Garin Wani

Da zarar an harba bindigar fara su a Argungu, dubban masunta kan kwarara cikin kogin Matan Fada, kowa da homarsa a hannu da goransa a ƙirji. Nan take ruwa ya gauraye da laka, makaɗa na cikin kwalekwale suna zuga, 'yan kallo a gaɓa sun miƙe wuya. Kifi iri-iri ake fitarwa a ranar, amma wanda kowa ke fatan ya faɗo homarsa shi ne giwan ruwa. A gasar 2005 kifin da ya zo na ɗaya ya kai kilo 75, sai da maza huɗu suka taru kafin a ɗora shi a ma'auni. Wanda ya kamo irin wannan, shi da suna har shekara ta zagayo.

Hausawa kan ce giwa a garin wani zomo ce. Wannan karin maganar ba ta kama giwan ruwa ba. Kifin nan da ake yi wa kirari a Kabi da Yawuri da Baga, shi ne wanda masana halittu a duniya ke ambata duk lokacin da ake zancen ɓarnar ɗauko kifi daga wani ruwa a zuba a wani. A Tafkin Biktoriya, can gabashin Afirka, an kai shi baƙunta, cikin shekara talatin ya zama mai gida, kuma ana ƙiyasta cewa ire-iren kifi kusan 200 da babu irinsu a ko'ina a doron ƙasa sun ɓace a zamaninsa.

Kafin a gane yadda haka ta faru, sai an tuna cewa kifin ruwan daɗi ba ya zuwa inda ruwa bai kai shi ba. Tsuntsu na tsallake dutse, irin ciyawa na bin iska, amma kifi yana nan tsare cikin koginsa da rassan kogin. Tudu tsakanin koguna biyu, ko wurin da ruwa ke faɗowa daga kan dutse, ya isa ya raba zuriya biyu na dubban shekaru. A tsawon wannan rabuwar kowane ruwa kan haifi nasa kifayen, kuma mai ci da abin ci kan koyi halin juna. Dalilin da ya sa masuncin Sakkwato zai gane yawancin kifin da ke kasuwar Khartum shi ne, a zamanin da Sahara ke da dausayi, Nilu da Tafkin Chadi da Kwara da Bolta da kogin Senegal sun sha haɗuwa, kifayensu suka cakuɗa. Giwan ruwa ɗan gida ne a dukkansu. Kurungu na da ƙayoyin da yake kafewa su tsaya a maƙogwaron mai haɗiyarsa, minjirya na da wutarta, kawara na da gudu, ga kuma tsage mai haƙora da ke cin 'ya'yan giwan ruwan tun suna ƙanana. Kowa ya san kowa.

Tafkin Biktoriya ba ya cikin wannan dangin, duk da cewa daga cikinsa Nilu ke fita a garin Jinja. Tsakaninsa da Tafkin Albert, inda giwan ruwa ke zaune tun fil'azal, akwai mafaɗar ruwa ta Murchison. A nan kogin gaba ɗayansa ke matsewa ta tsagin dutsen da faɗinsa bai wuce mita 7 ba, ya faɗo ƙasa sama da mita 40. Babu kifin da zai hau wannan. A bayan wannan katangar, cikin tafki mai faɗin murabba'in kilomita kusan 68,000 wanda Tanzaniya da Yuganda da Kenya suka raba, wani abin al'ajabi ya auku.

Wasu ƙananan kifaye ne, dangin karfasa, yawancinsu ba su wuce tsawon tafin hannu ba. Mutanen Tanzaniya na ce musu furu, a Kenya fulu, a Yuganda nkejje. Binciken lakar ƙasan tafkin ya nuna cewa ya taɓa ƙafewa ƙaf kimanin shekara 15,000 da suka wuce. Daga lokacin da ruwa ya dawo zuwa yau, furu ya rarrabu zuwa iri sama da 500, saurin da ba a san kamarsa ba a cikin halittu masu ƙashin baya. Kuma kowane iri da sana'arsa, kamar unguwannin tsohon birni. Akwai masu kankare gansakuka daga jikin dutse da haƙora jere kamar magagari. Akwai masu fasa katantanwa da wasu haƙora da ke can cikin maƙogwaro. Wasu na tsintar tsutsar ƙwari a laka, wasu na tace dattin da ya kwanta a ƙasa, wasu ba su da abinci sai ɓawon jikin 'yan uwansu, su lallaɓo su yago su gudu. Uwar furu a bakinta take renon ƙwanta, to har da irin da ya ƙware wajen tilasta mata ta tofar da su ya cinye. Mazan kuwa ado ne da su, ja da shuɗi da ruwan ɗorawa, kuma da launin ne mace ke gane namijin irinta. Kafin zuwan giwan ruwa, wajen kashi 80 cikin 100 na nauyin dukan kifin tafkin furu ne.

Turawan mulkin mallaka na Ingila ba su ga abin sha'awa a nan ba. A wurinsu furu kifin banza ne, ƙarami mai yawan ƙaya, ba ya kawo kuɗi. Kifin da suke so shi ne ngege, wata karfasa 'yar asalin tafkin, wadda kamunta ya yi ta raguwa tun bayan da jirgin ƙasa ya iso Kisumu a 1901 aka kuma shigo da ragar kanti. Sai tunani ya zo: me zai hana a kawo babban kifi mai cin kifi, ya cinye ƙananan, ya mayar da su tsokar da za a sayar? Michael Graham, masanin da ya yi binciken tafkin a 1927 da 1928, ya yi gargaɗi a rahotonsa cewa yin haka ba tare da dogon nazari ba ganganci ne mai haɗari. Bayan shekara talatin wani masanin, Geoffrey Fryer, ya sake jan kunne a rubuce. Ana cikin wannan muhawarar, a 1960, masunta suka fara ganin giwan ruwa a ragarsu. Binciken da Robert Pringle ya wallafa a 2005, bayan ya bi takardun mulkin mallaka ya kuma zanta da tsofaffin ma'aikata, ya nuna cewa tun 1954 jami'an sashen kula da namun daji da kifi na Yuganda suka fara zuba shi a ɓoye. Da aka ga aikin gama ya gama, sai aka ƙara zuba wasu a hukumance a 1962 da 1963, daga Tafkin Albert da Tafkin Turkana. Ba a tambayi masuntan da rayuwarsu ta dogara da tafkin ba.

Shekara ashirin shiru. Giwan ruwa na nan, amma jefi-jefi ake kama shi, har wasu suka ɗauka masu gargaɗin sun cika tsoro. Daga farkon shekarun 1980 sai ya ɓarke, ya faro daga ɓangaren Kenya ya mamaye tafkin. Macensa na zuba miliyoyin ƙwai, babbansa kan kai tsawon mita 2 da nauyin kilo 200, ga abinci ko'ina wanda bai san gudu daga irinsa ba.

An yi dace akwai masu lura. Tun 1977 wata tawagar masana daga jami'ar Leiden ta ƙasar Holan, cikinsu har da Frans Witte, take jan raga a wurare ƙayyadaddu a mashigin ruwan Mwanza tana rubuta abin da ta kama. Aikinsu shi ne su bai wa sababbin ire-iren furu suna. Suna cikin aikin kifayen suka fara ɓacewa a hannunsu. Daga cikin iri 123 da suka saba kamawa a waɗannan wuraren, wajen 80 ba su sake fitowa a raga ba bayan 1986. Akwai waɗanda suka ƙare tun ba a raɗa musu suna ba, abin da ya rage daga gare su 'yan gawarwaki ne cikin kwalaben magani a ɗakin ajiya. Ɗaya daga cikin 'yan tawagar, Tijs Goldschmidt, ya rubuta littafi a kan abin da idonsa ya gani.

Adalci ne a ce ba giwan ruwa kaɗai ya yi wannan aika-aikar ba. Jama'a sun yawaita a kewayen tafkin, an sare dazuzzuka, ƙasar noma da toka da ƙazantar birane suka yi ta gangarowa cikin ruwa. Gansakuka ta samu taki ta yi yawa, ga shi masu cinta sun ƙare, sai ta riƙa mutuwa tana ruɓewa a ƙasa tana shanye iskar da kifi ke shaƙa. Ruwan ya yi duhu. Ole Seehausen da abokan aikinsa sun nuna a 1997 cewa a ruwa mai duhu macen furu ba ta iya bambance launin namiji, sai ire-iren da suka rabu su koma suna barbarar juna har bambancinsu ya shafe. A ƙarshen shekarun 1980 kuma wata irin kainuwa mai furen shuɗi, 'yar asalin Kudancin Amurka, ta shigo ta toshe tashoshin jiragen ruwa. Ita ma ngege ba giwan ruwa kaɗai ya kore ta ba. Karfasar Nilu da aka zuba a shekarun 1950 ta ƙwace mata wurin kiwo da wurin haihuwa, yau sai a ƙananan tafkunan gefe irin su Kanyaboli a Kenya ake samunta da ɗan dama. Masana na jayayya a kan wanda ya fi laifi tsakanin baƙon kifi da gurɓatar ruwa, amma ba su jayayya a kan cewa biyun sun taru a kan furu.

Ta wani ɓangaren kuma, wanda ya je Mwanza ko Kisumu ya ce giwan ruwa annoba ne, zai samu masu musa masa da zuciya ɗaya. A Tanzaniya sunansa sangara, amma an yi lokacin da ake kiransa mkombozi, wato mai ceto. Kamun kifi a tafkin ya tashi daga wajen tan 100,000 a shekara a shekarun 1970 zuwa wajen tan 500,000 a ƙarshen shekarun 1980. Masana'antu suka buɗe a bakin ruwa, ana feɗe tsokar ana daskarar da ita, jiragen sama na kwasa zuwa Turai. Dubban ɗaruruwan mutane suka samu abin yi, ƙasashen uku suka samu kuɗin waje. Ko jakar iskar da ke cikin kifin, wadda a da ake zubarwa, yanzu busar da ita ake yi a sayar wa 'yan kasuwar Sin da tsada, har takan fi tsokar daraja.

Sai dai riba da asara ba gida ɗaya suka sauka ba. Furu kifin talaka ne: mace ta saya da 'yan kuɗi kaɗan, ta shanya a rana, ta yi miya. Giwan ruwa na buƙatar babban jirgi da raga mai ƙarfi da inji, abin da sai mai jari. Maiƙonsa ya yi yawa, ba ya shanyuwa, sai an yi bandarsa, banda kuwa sai da itace, don haka tsibirai da gaɓar tafkin suka ƙara rasa bishiyoyi. A bayan masana'antun wata kasuwa ta tsiro ta ƙashin baya da kai, ragowar abin da aka feɗe, wanda a Kenya ake kira mgongo wazi. Mata na saye su soya su sayar wa mutanen da tafkin ke ƙofar gidansu amma tsokar kifinsa ta fi ƙarfin aljihunsu. Wannan ne abin da fim ɗin Darwin's Nightmare na Hubert Sauper ya nuna wa duniya a 2004, fim ɗin da gwamnatin Tanzaniya ta yi fushi da shi ƙwarai tana cewa ya zuzuta. Daga baya shi kansa mai ceton ya fara raguwa saboda yawan kamu, har aka kafa dokar girman da aka yarda a kama, Yuganda kuma ta tura soja kan ruwa a 2017. Raguwar tasa ta ba wasu ire-iren furu damar farfaɗowa, kuma masana sun lura jikinsu ya sauya don jure ruwa mai ƙarancin iska. Waɗanda suka dawo ɗin kaɗan ne cikin waɗanda suka tafi.

Ba kowane dashen kifi ne ke ƙarewa haka ba. A 1967 da 1968 an ɗebo wani ɗan ƙaramin kifi, kapenta, daga Tafkin Tanganyika aka zuba a Kariba, tsakanin Zambiya da Zimbabuwe. Kariba tafkin madatsa ne, sabo, tsakiyarsa babu mai kiwo, kapenta ya cike gurbin ya zama abincin miliyoyi. Bambancin a bayyane yake, can fili aka samu babu kowa, Biktoriya kuwa gari ne cike da mutanensa.

Giwan ruwa ba shi kaɗai ne ɗan gidanmu da ya yi ƙaurin suna a waje ba. Tarwaɗar nan da ake kiwo a kududdufan siminti daga Kano zuwa Ibadan, wadda Najeriya ta fi kowace ƙasa nomanta, tana da halayen da suka sa manomi ke sonta: tana shaƙar iska kai tsaye, tana jure ruwa mai datti, tana cin duk abin da ta samu, idan ƙasa ta jiƙe ma takan ja ciki daga wannan kududdufi zuwa wancan. Waɗannan halayen ne suka sa ta gagara a inda aka kai ta. Ta tsere daga gonakin kifi a Brazil da Kyuba ta shiga koguna da fadamu, Indiya da Bangladesh kuwa sun haramta kiwonta. Karfasar Nilu ma haka, ta zagaye ƙasashe masu zafi, kuma a kudancin Afirka tana barbarar karfasar yankin har asalin irin na neman shafewa.

Wannan batu na barbara ya shafi gida kai tsaye. Yawancin tarwaɗar da ake ƙyanƙyasa a gonakin Najeriya iri ce da aka tace, wasu an dawo da su daga Turai, wasu kuma haɗi ne tsakanin tarwaɗa da ramboshi. A ambaliyar 2012 da ta 2022 kududdufai masu yawa sun cika sun batse, kifin da ke ciki ya bi ruwa. Manomi ya ƙirga asararsa a kuɗi, kuma asara ce ta gaske. Abin da ba a ƙirgawa shi ne abin da waɗannan kifayen ke yi wa tarwaɗar daji idan suka haɗu da ita. Haka nan al'adar ɗebo 'ya'yan kifi daga nesa a zuba a madatsar ruwa don a bunƙasa su, ana yinta da kyakkyawar niyya, amma ya kamata a fara tambayar me ke cikin ruwan tun asali. A Kamaru akwai wani ɗan tafki a bakin tsohon dutse mai aman wuta kusa da Kumba, Barombi Mbo, mai ɗauke da ire-iren dangin karfasa 11 da babu su a wani wuri. Bokiti ɗaya na baƙon kifi zai iya gamawa da su.

Akwai kuma hanyar da kifi ke ƙaura ba tare da kowa ya ɗauke shi ba, ita ce idan aka haɗa kogi da kogi. A 1975 Afirka ta Kudu ta buɗe wani rami mai tsawon kilomita kusan 83 da ke janyo ruwa daga kogin Orange zuwa kogin Great Fish don noman rani. Ruwa ya zo, kifi ya biyo shi, ciki har da tarwaɗar nan tamu, wadda a da babu ita a can, ta shiga cin ƙananan kifayen yankin. Kogin da a da yake yankewa da rani ya koma gudana shekara zagaye, wani baƙin ƙuda mai cizon dabbobi ya samu wurin hayayyafa ya addabi makiyaya. A Amurka, tun 1900 aka buɗe mashigin Chicago wanda ya haɗa manyan tafkunan arewa da kogin Mississippi, yau kuɗi masu yawa ake kashewa a kan shingen lantarki cikin ruwa don hana wasu kifayen Asiya ƙetarawa.

Masu bin labarin Tafkin Chadi sun san inda zancen ya dosa. Tafkin da ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya tsuke zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin goma a farin shekarun 1980, kuma tun lokacin ake maganar janyo masa ruwa daga yankin kogin Kwango. Shiri mafi girma shi ne Transaqua, na kamfanin Bonifica na Italiya: mashigi mai tsawon kilomita 2,400 da zai tare rassan Kwango ya juye ruwansu a kogin Chari. Taron da aka yi a Abuja a Fabrairun 2018 ya goyi bayansa, 'yan siyasa a Kinshasa suka yi tir da shi, kuma har yanzu ba a haƙa ba. Bukatar masunta da manoma da makiyayan tafkin ta ruwa ba abin wasa ba ce, wanda ya ga yadda Baga ta koma ba zai raina ta ba. Amma a yawancin jawaban da ake yi, kuɗi da tsaro da siyasa ake ambata, ba kasafai ake jin sunan kifi ba.

Yankin Kwango na da ire-iren kifi sama da 700, da yawansu ba a san su a wani ruwa ba, cikinsu har da mbenga, babban yayan tsage, mai kai kilo 50. Yankin Chadi bai kai iri 200 ba. Duk abin da ya sauka a Chari zai iya isa tafkin, daga nan ya hau Komadugu Yobe zuwa fadamun Hadeja da Nguru. A Njamena kuma Chari ke haɗuwa da Logon, shi kuwa Logon a shekarun babbar ambaliya yakan tumbatsa ta fadamun Tuburi ya zuba a Mayo Kebbi, wanda ke gangarawa ya faɗa Binuwai kusa da Garwa. Daga Garwa ruwan Yola yake nufa, sai Makurɗi, sai Lakwaja.